Ka Gyara Min Shi

A bayan shagonsa na kafinta ya fara ganinta, tsugune gaban tarin ruɓaɓɓun itatuwan da ya daɗe yana cewa zai ƙone. Ta ɗaga wani gungume tana leƙa ƙarƙashinsa da ɗan madubi mai ƙara girman abu, mayafinta na jan ƙasa, ita ko a jikinta. Kafintan ya ɗauka ɗan kunne ta yar, ya yi sallama ya ce ko ya taya ta nema.

Auta, haka ake kiranta a gida, ta ɗago a gajiye, don irin wannan tambayar ta ishe ta. Ta nuna masa wani farin ɓawo da ya manne a jikin itacen kamar an shafa fenti an manta. Ta ce funfuna ce, dangin laimar kwaɗi, sai dai ita ba ta tsiro sama. Shimfiɗewa take a ƙarƙashin mataccen itace, ta ci shi a hankali har ya koma ƙasa. A kanta take binciken digirinta na biyu.

"Ashe maƙiyiyata kike kiwo," in ji shi. "Ni ina raya katako, ke kina goyon bayan mai cinye shi."

Ta so ta ji haushi, dariya ta riga ta.

Bai ƙone itatuwan ba, ita kuma ba ta daina zuwa ba. Tana kiransa Zarto saboda surutunsa, shi yana kiranta 'Yar Funfuna. Daga bakin kowa sunan zagi ne, daga nasa kuwa har jiran sa take. Yakan ajiye guduma ya saurare ta tana bayanin yadda ƙwayoyin irin funfunar ke zubowa ƙasa iska ta ɗauke su, da yadda kala biyu za su yi kama sak, sai a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji ake raba su. A gida kuwa yayyenta Likitar Ruɓa suke ce mata, Abbanta ma in baƙi sun tambayi abin da take karanta sai ya gyara murya ya ce kimiyya.

Da maganar Zarto ta kai kunnen Abba, ya ce bai biya mata makaranta don ta ƙare a cikin garin katako ba. Ga wani malami a sashensu na jami'a, mai guga har a hankici, ya daɗe yana zuwa gaisuwa. Malamin bai taɓa faɗa mata baƙa ba, sai dai yakan ce cikin ladabi, in sun yi aure za ta huta da wannan tone-tonen. Duk ranar da ya faɗa, sai ta wuni ranta a ɓace.

Bayan wani ruwan sama ta tsinci reshe a gandun daji, da wata funfuna siririya mai launin ƙasa, wadda in ba ka sani ba sai ka ce laka ce ta bushe. Ƙwayoyinta ba su yi daidai da ko ɗaya cikin waɗanda ta sani ba. Farfesan da ke duba aikinta ya ce ta adana reshen da kyau, don duk bincikenta a kansa zai tsaya. Reshen ya fi akwatin ajiya tsawo. Ta biya shagon a gurguje, injin yankan katako na ruri, ta dire masa reshen da akwatin ta ɗaga murya.

"Ka gyara min shi, zan dawo da la'asar."

Kafin azahar saƙonsa ya shigo.

"'Yar Funfunata, zo ki ga aikin masoyi. Ko fuskarki za ki iya gani a jikinsa."

Ta garzaya shagon. Ta tarar da reshen a kan tebur yana walƙiya. Ya datse shi daidai akwatin, ya duba bai ga farin ɓawon da ya sani ba, sai ya bi lakar da samfefa tas, ya shafa mai. Yana tsaye yana murmushi, yana jiran yabo.

"Cewa na yi ka rage tsawonsa."

"Gyara kika ce. Mu a wajenmu gyara ke nan."

"Duk watannin nan da kake saurarona, ashe muryata kawai kake ji."

Ta fita tana kuka. Ta koma dajin ta duba, babu wata. Farfesa ya ce ba samfuri, ba hujja, sai dai ta ƙara shekara. Abba bai ce komai ba sai "ai na faɗa", malamin kuma ya ƙara yawan gaisuwa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne har yanzu in waya ta yi ƙara sunan Zarto take fatan gani.

Shi kuwa hotuna ya dinga turowa.

"Ranki ya daɗe, ko ita ce wannan?"

"Kashin tsuntsu ne."

"Wannan fa, Gimbiya?"

"Ginin gara ne. Don Allah ka bar ni."

Wata safiya sashensu ya fita aikin daji. Malamin na biye da ita, yana ture gumagumai da bakin takalmi don kada hannunsa ya ɓaci, yana barin su cikinsu a sama. Can gaba ta hango mutum durƙushe a cikin taɓo. Zarto ne, ya rufe shago ya zo. Yana ɗaga kowane itace ya leƙa, sannan ya kwantar da shi daidai yadda ya same shi, ya jawo ganye ya rufe gefensa.

Ta tsaya a kansa ta tambaye shi wa ya koya masa haka. Ya ce ba kowa. Na farko da ya bari a buɗe, da ya dawo ya tarar rana ta ƙone funfunar.

"Ɗaya na kashe miki," ya ce, bai ɗago ba. "Ta ishe ni."

Da yamma ta sami Abba a falo ta faɗa masa zaɓinta. Ya tambaya ko yaron ya samo mata abin da ya ɓata. Ta ce bai samo ba, da wuya ma ya samo, kuma haushinsa bai gama fita daga ranta ba, amma shi take so. Abba ya ja lokaci yana bincike a kansa, ya rasa abin kushewa sai sana'ar, ita kuma halal ce. Daga ƙarshe ya ce su turo manya.

Aka ɗaura aure cikin damina. Da za a tafi da amarya, aka kai su gaban Abba ya yi musu nasiha, ya dafa kanta ya ɗaga hannu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah kuma ya sa ku samo funfunar nan taku, ko da yake har yau ban gane amfaninta ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya da amin. Auta ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka, don bai taɓa kiran aikinta da sunansa ba sai ranar.