Rijiyoyin da Taswira Ta Ƙi Nunawa

Shekara ta biyu ke nan damina na yankewa kafin gero ya yi kai, ranar da Ɗanmusa ya fara ganin Ruƙayyatu. Tana zaune gaban kwamfuta a wani ofishin aikin ruwa a Sabon Birni. Wata ƙungiya ce za ta haƙa burtsatse, ta ɗauki masu babur, har da Ɗanmusa, su tsaya bakin kowace rijiyar da ta ƙafe, waya ta ɗauki lambobin wurin. Ruƙayyatu ke zuba fayil ɗin lambobin cikin manhajar taswira, kowace rijiya ta fito ɗigo. Inda ɗigo ya taru, can motar haƙa za ta.

Ta tambaye shi inda ya tsaya a karatu. Ya ce aji biyu na sakandare, zama ne bai iya ba. Ta ce ai ta lura, tun shigowarsa yake zagaya kujera.

Sati uku yana yawo a rugagen Burkusuma, yankinsu, kullum da saƙo.

"Ruƙayyata, yau rijiya tara, duk yashi. Na ga saniya kwance bakin guda, ta ƙi tashi."

"Ɗan yawona, kai ma ka sha ruwa. Ina jiran ka."

Kawunnansa suka je gaisuwa wurin mahaifinta, Malam Attahiru. Bai amsa ba, bai kuma hana ba.

Ranar haɗa taswira, fayil ɗin kowa ya hau, na Ɗanmusa ko ɗigo guda bai fito ba. Alhassan, shugaban masu zagayen, wanda ya daɗe yana neman Ruƙayyatu, ya ce yaron gindin bishiya ya zauna ya ƙirƙiro lambobi. Kafin la'asar magana ta kai gida.

"Wanda zai yi ƙarya kan ruwa a shekarar fari, ba ni ba shi ɗiya," in ji Malam Attahiru.

Ɗanmusa ya daina shigowa gari. Sau huɗu Ruƙayyatu ta rubuta masa kafin ya amsa.

"Ki yi haƙuri da ni. Yau Inna ma ta tambaye ni ko da gaske na je."

Ta yi kuka ta gaji. Bayan kwana tara ta buɗe fayil ɗin a matsayin rubutu zalla, ta jera shi da na wani, layi da layi. Nan ta gani. Wayarsa daga Maraɗi aka sayo ta, da tsarin Faransanci, tana saka waƙafi a tsakiyar lamba inda manhajar ke jiran aya. Ta gyara zaɓi biyu a tagar shigarwa. Ɗigo sittin da ɗaya suka jeru a bakin iyaka.

Sai dai an riga an aika da jerin wuraren da za a haƙa, babu rugagen Burkusuma a ciki. Motar haƙa ta nufi wajen garin Isa.

Ta buga taswirar ta kai wa mahaifinta. Bai iya karanta taswira ba, sai ta riƙa kiran sunayen rijiyoyin yana saurare. Da ta kai wata, ya ɗaga hannu.

"Rijiyar Adda? Wagga babu hanya zuwa gare ta. Nan na shayar da shanu ina yaro. Wanda bai taka ba bai san da ita ba." Ya sauke hannu. "Ki ce kawunnansa su dawo."

An ɗaura aure bayan Juma'a. Rabin dangin ango sun riga sun yi kudu da sauran shanu, tabarmi biyu suka ishi mutane.

Da aka bar su su biyu, Ɗanmusa ya kasa ɗago kai. Ya ce ya samu mata, amma mutanensu ba su samu ruwa ba.

"Baɗi za ni sake tura taswirar, angona," ta ce. "Ko babu kowa a rugar, za ni tura."

Daga zaure suna jin muryar Malam Attahiru yana sallamar baƙi, yana roƙon Allah ya sa albarka, ya ba su zuriya ta gari, ya mai da waɗanda suka tafi. Ɗanmusa ya ce amin, ya zauna kusa da matarsa.