Kwalaben Jini Marasa Suna

Sufeto ya wayi gari da ciwon haƙori, irin mai bugawa har cikin kunne. Matarsa ta cusa masa kanumfari a kumatu ta ce ya danne, yana cikin dannewa waya ta shigo daga ofis: an yi sata a babban asibiti, sashen dashen ƙoda. Ya tambaya ko inji aka ɗauke, aka ce a'a, jini ne. Ya ja tsaki ya ɗauki hularsa.

A ƙofar sashen ya tarar da Saja tana jiransa. Mace ce da ta riga shi shiga aiki, kuma ba ta taɓa bari ya manta da hakan ba. Ta dubi kumburarren kumatunsa ta ce Allah ya sawwaƙe, amma bakinta na motsi kamar mai haɗiye dariya.

Babban likitan tiyata ya yi musu bayani a tsaye. Sashen na gudanar da bincike don gano ko gyara wa marar lafiya haƙora kafin dashe yana rage cutar da ke biyo bayan tiyata. Jiya aka ɗebi jinin masu ba da ƙoda da masu karɓa, aka jera kwalaben a ƙaramin akwati a ɗakin gwaji. Yau da rana mota za ta kai shi wani ɗakin gwaji mai nisa, a yi gwajin ƙarshe. Gwajin kwanaki yake ɗauka, kuma in babu sakamakon, babu tiyata. Baƙon likitan da ya zo yin aikin kuwa ƙarshen mako zai tafi, sai kuma baɗi.

"To a sake ɗibar jinin mana," in ji Sufeto. "Ko ya ƙare a jikinsu ne?"

Likita ya ja shi zuwa wata tagar gilashi. A ciki wata budurwa ce kwance kusa da injin wankin ƙoda, nas biyu sun duƙa a kan hannunta suna laluben jijiya. Auta ake ce mata a sashen, domin haka uwarta ke kiranta. Uwar ce za ta ba ta ƙoda, ta ba da jini jiya ta koma ƙauyensu ta kintsa gida kafin a kwantar da ita. Tafiya ce mai nisa, ga shi waya ba ta shiga can.

"Jijiyoyin yarinyar nan sun ƙare," in ji likita. "Ba za ta kai baɗi ba."

Sufeto ya nemi a gaya masa sauran masu jinin da ke akwatin. Likita ya ce wannan sirrin marasa lafiya ne, ko na Auta ma dole ce ta sa ya faɗa. Haushi ya turnuƙe Sufeto. An kira shi ya nemo ɓarawo, an kuma ɗaure masa hannu ɗaya.

A ɗakin gwaji, ma'aikacin da ke kula da wurin ya rantse ya maya cewa ƙofar a kulle take tun da ya zo da sassafe, leƙawa kawai ya yi waje ya dawo ya ga ba akwati. Ƙaton mutum ne. Sufeto ya duba makulli, ba alamar an taɓa shi. Ya dubi teburin da aka ce nan akwatin yake, ya dubi ƙaton firjin da ke gefe.

"Ga firji, ka bar jinin mutane a kan tebur kamar kwanon da aka gama ci?"

"Ranka ya daɗe, wannan jinin ba a sa shi a firji. Ƙwayoyin cikinsa ake so da ransu. Sanyi kashe su yake."

Ya ƙara da cewa kwalaben ba su da suna, lamba ce kawai a jiki, haka dokar binciken ta ce, don kada mai gwaji ya san jinin wa yake dubawa.

Saja ta sunkuya bayan ƙofa ta zaro wani guntun kwali da aka ninka, ya yi baƙi ya lotse saboda yawan tokare ƙofa. Ta ɗaga shi sama. Ƙaton ya yi tsuru-tsuru, ya fara kame-kame, daga bisani ya amsa cewa kullum da safe yakan tokare ƙofar ya je shan shayi, don makullin na ba shi wahala. Kowa a ginin ya san haka.

"Kowa," Sufeto ya maimaita. Haƙorin ya soke shi har sai da ya runtse ido.

A kwandon shara akwai safar hannu guda biyu, ba komai sai su, domin da asuba aka kwashe sharar. An cire su yadda ma'aikatan lafiya ke yi, ɗaya a cikin ɗaya, baya ya koma ciki. Ƙanana ne, ko yatsu uku na ƙaton ba za su shiga ba. Sufeto ya kai su hanci ya ji kanumfari, ya yi tsaki ya jefa su a leda. Tun safe ba abin da yake ji sai kanumfari, har ruwan da ya sha.

Saja ta karɓi ledar ta yi nisa da shi har ƙarshen baranda, ta shaƙa, ta dawo.

"Yallaɓai, ba bakinka ba ne. A jikin safar yake."

Suka gangaro wurin zaman 'yan jinya. Wata tsohuwa ta tare su da tambaya, wai ko satar za ta hana aikin ɗanta. Kafin Sufeto ya buɗe baki ta zayyane masa komai. Babban ɗanta ne ke kwance, ƙanensa tela zai ba shi ƙoda, don ita 'ya'yanta ba ta haife su su guji juna ba. Telan na zaune gefenta, filasta manne a gwiwar hannunsa, kansa a ƙasa. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne matar telan, likitar haƙori ce a nan saman bene, amma yau ko saukowa gaisuwa ba ta yi ba.

Sufeto ya tambayi telan ko tare suka fito da matarsa. Ya ce a'a, ta riga shi fita, ko karyawa ba ta yi ba. Bai ɗago kai ba har suka wuce.

Tun daga matakala ƙamshin kanumfari ya tare su. Ɗakin haƙori fes yake, da kujera mai kwanciya, da fitila a sama, da ƙaramin firji a lungu. Likitar siririya ce, hannayenta ƙanana. Tana ganin kumatun Sufeto ta nuna masa kujera, shi kuwa bai yi musu ba, don ciwon ya kai shi maƙura. Ta ce ƙamshin na maganin cike haƙori ne, da man kanumfari ake haɗa shi, yakan kama hannu ya wuni.

Bai taɓa yin tambayoyi a wulaƙance irin na ranar ba: a kwance, baki buɗe, da ƙarfe a ciki. Duk lokacin da ya samu sarari sai ya jefa guda.

"Kina cikin masu binciken?"

"Ina ciki. Ni ke duba bakin marasa lafiyar."

"Kin sauka ƙasa yau?"

"Ban sauka ba. Buɗe da kyau."

"Kina da wani naki a sashen?"

Ƙarfen ya tsaya cak. "Ba ni da kowa."

Sufeto ya ture hannunta a hankali ya tashi zaune, ya tofar a ɗan kwanon da ke gefe. Ya ce yanzu ya rabu da surukarta da mijinta. Ya ɗora ledar safar a kan tiren kayan aikinta. Saja kuwa ta riga ta isa lungu, ta ce in ba damuwa tana so ta ga cikin firjin.

Likitar ta yi kamar za ta tare, sai ta tsaya. Da kanta ta buɗe, ta janye kwalayen magani. Akwatin na can baya, ya yi raɓa.

"Ba abin da ya same su," ta ce da sauri. "Ban zubar ba, ban fasa ba. A firji na adana su. Baƙon likita na tafiya zan mayar."

Sufeto ya tuna maganar ƙaton a kan sanyi. Ya ce wa Saja ta kira babban likita, ta kuma taho da telan.

Kafin su iso ta faɗi sauran, hawaye na zuba ba ta share ba. Mijinta tsoro yake ji. A gaban uwarsa ya ce ya yarda, a gida kuwa ya daina cin abinci, ya daina barci. Ba zai iya duban tsohuwar ya ce a'a ba, ita kuma suruka ce, ba ta da bakin magana. Jiya da ta ga filasta a hannunsa ta san an gama. Kwalbarsa kaɗai ta je ɗauka, sai ta tarar duk lambobi ne, ga ƙaton zai iya dawowa, sai ta sungumi akwatin gaba ɗaya. A ɗakinta duk abin da ake gudun ya lalace firji ake kai shi, don haka ko tunani na biyu ba ta yi ba.

Babban likita ya shigo, ya ɗauki kwalba ɗaya ya riƙe a tafin hannu. Ya tambayi tun yaushe suke ciki. Ta gaya masa. Ya mayar da kwalbar a hankali ya ce ƙwayoyin sun mutu, ko an kai ba za a karɓa ba.

Telan ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon matarsa. Likita ya dube shi ya ce wannan magana tasa ce, in ya ga dama ya faɗa, in bai ga dama ba ya yi shiru.

"Babu jinina a ciki," in ji telan, muryarsa can ƙasa. "Jiya na gaya wa likita ba zan iya ba. Ya ce ba a tilasta wa kowa, za a ce wa Inna ƙodata ba ta dace ba. Filastar don su gani aka manna mini. Kunya ce ta hana ni gaya miki."

Matar ta daɗe tana kallon akwatin kafin ta tambayi likita, to jinin wa ta ɗauko.

"Na Auta da uwarta. Su kaɗai suka rage a wannan zagayen."

Takaici ya kama Sufeto. Ya kama mai laifi kafin rana ta take, ya samo kayan sata cif ba abin da ya ɓata, kuma duk aikin banza ne. Ya buga waya ofis ya ce a tura mota ƙauyen uwar yanzu-yanzu, ko da ya san ko tashi sama direban zai yi ba zai cimma motar gwajin ba. Sannan ya gaya wa likitar cewa ya kama ta da laifin sata da ɓarnata kayan asibiti. Ta cire farar rigarta ta rataye, ta miƙa hannu. Saja ta dubi ankwar ta mayar aljihu, ta riƙe ta a gwiwar hannu kawai.

Hanyar fita ɗaya ce, ta gaban tagar gilashin nan. Nas ɗin sun koma lalube a ƙafa. Auta ta juyo ta hango likitar da ta wanke mata haƙora makon jiya, wadda ta ce mata bakinta ya shirya, saura ƙoda. Ba wanda ya gaya mata komai tukuna. Ta yi murmushi, ta ɗaga hannun da babu allura tana gaishe ta.

Likitar ta tsaya, hannunta ya ƙi ɗaguwa. Sufeto ya kau da kai ya ce wa Saja su tafi.