Mazauna Bakin Hagu

Magariba ta kawo jiki a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad, hasken da ke shigowa ta tagar kicin ya yi ja, ya soma dushewa. Haoua tana tsaye a kan tukunyar shinkafa. 'Yarta Rahina, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, tana zaune a falo da littafi a kan cinya. Maigidan kuwa, Saidou, ya shige banɗaki tun la'asar ya tura ƙofa, ba a jin komai sai ƙarar gogar ƙarfe. Can ya leƙo da kai, ya ce a tafasa masa ruwa, buta guda cike.

Haoua ta ce ya bari a yi salla tukuna, wa ke wasa da ruwan zafi da almuru? Ya ce ita dai ta kawo. Ta kawo tana ƙunƙuni, ta miƙa masa, ta koma kan tukunyarta.

Abin da yake ɓoyewa a banɗakin nan bindiga ce, kuma sai an san Saidou za a gane yadda ta shigo gidan. Mutumin Damagaram ne, jikan Sarkin Baka, wanda ya fara kayar da zabin daji tun gemu bai fito masa ba. Neman abinci ya kawo shi Riyad, ya zama direban wani dattijon Balarabe, kafilinsa da ya tsaya masa a takardun zama, mai gonar dabino a bayan gari. Duk shekara in zafi ya fara sauka kurciyoyi suka biyo ta sararin gonar, dattijon da 'ya'yansa sai su fita harbi. Saidou ne mai tuƙi, shi ne mai dafa gahawa, shi ne kuma mai rugawa cikin rairayi ya tsinto abin da ya faɗo, aikin da a garinsu kare ake ba. Yana ji yana gani samarin nan suna ɓarnar harsashi a iska, tsuntsu na wucewa ta kan hancinsu, shi ko an bar shi da buhu a hannu. Baƙo ba ya mallakar bindiga a ƙasar, ya sani. Takaicin nan ya ci shi shekara da shekaru, har ya zama ba a iya yi masa maganar farauta a gida sai ya tashi daga kan abinci.

Da naci ya kai dattijon bango, har dattijon ya ce masa ya nemo mai araha, za a yi takardunta da sunan shi dattijon, ta zauna a gona, in sun fita ya riƙa harbawa. Nan Saidou ya shiga nema. Sababbi kuɗinsu na sa jiri. Masu sauƙin kuwa, wata ƙotarta ta tsage, wata ta yi lako-lako, in ka girgiza ta sai ka ji tana kaɗawa. Yana gab da haƙura aka yi masa kwatancen wasu magada a wani ƙauye, suna kwashe kayan tsohon gidan ƙasa na mahaifinsu. A jikin bango ya same ta a rataye: tsohuwar ƙirar Turai mai baki biyu a jere, kunama biyu, ƙotar ta yi baƙi da gumin hannu, an zana tsuntsaye a jikin ƙarfen har sun kusa shafewa. Bakin dama tas yake. Na hagu an toshe shi da tsumma da laka, kuma ɗaya daga magadan ya ce tun suna yara haka suka gan shi, uban bai taɓa bari a taɓa ba.

Mai hankali da ya tsaya nan ya yi tunani. Saidou kuwa sai ya ga abin karya farashi ya samu. Ya yi ta kushe bakin hagun nan, ya taya da abin da ko shi ya ji kunya, mutumin ya sallama tun bai rufe baki ba. Araha ba ta ado, amma wa zai gaya wa Saidou? Maimakon ya wuce da ita gona kamar yadda aka yi da shi, sai ya naɗe ta a bargo ya hau da ita benen da suke zaune, wai kwana ɗaya kawai, ya wanke ta.

A garinsu, in maharbi zai wanke cikin bindiga, tafasasshen ruwa yake ɗura mata, ya fitar da dattin albarushi da tsatsa. A fili ake yi, a bayan gida, kuma kakansa bai taɓa karkata buta ba sai ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ce masu wuri su kauce. Saidou ya san wannan sarai. Amma tsoron idon maƙwabta ya kai shi banɗaki, banɗaki kuwa ba a ambaton sunan Allah a cikinsa. Ya zaƙule lakar da tsinken ƙarfe, ya zare tsumman, ya kafa bakin butar a bakin hagun, ya tuttula ruwan yana shiru.

Wani ɗan siririn kuka ya fito daga cikin ƙarfen, irin na jinjirin da bai yi ƙwari ba. A falo littafin Rahina ya faɗi ƙasa. Ta riƙe hannunta na hagu, ta buɗe baki, amma muryar ba ta fito ba. Kafin ladan ya gama kiran salla, fatar hannun tun daga kafaɗa har wuyan hannu ta yi ja, ta tashi ƙuraje masu ruwa.

Tun daga ranar gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana komai lumui. Da inuwa ta cika lungun, sai warin albarushi ya taso, sannan a fara jin tas, tas, a kan tayil: ƙananan ƙwayoyin dalma na cikin harsashi suna zubowa daga silin da ba shi da ko huda. Haoua ta tsince su a cikin shinkafa, ta tsince su a gashin 'yarta. Daga cikin durowar kaya kurciya ke kuka, a buɗe ba komai. Rahina kuwa sai ta kwanta a gefen dama, ta zuba wa bango ido, hannun yana turiri kamar yanzu aka zuba masa ruwan. Likita ya duba ya ce wani abu ne jikinta bai karɓa ba, ya ba da man shafawa. Man ya ƙare, hannun yana nan.

Haoua ta yi magana har ta gaji. Ta ce ya fitar da abin nan daga gidanta. Ya ce dattijon ya yi tafiya, gona a kulle take. Ta ce to ya jefar. Ya ce mene ne haɗin ƙarfe da ciwon fata, ga kurciyoyi sun kusa shigowa, ya jira wannan shekarar tun Rahina tana goye. Ba ta da bakin kai ƙara ga maƙwabta, domin bindiga a ɗakin baƙo magana ce da za ta iya cinye igamarsu, takardar izinin zama, su duka. Kunnen ƙashi irin na Saidou, wallahi ko jaki sai ya sara masa. Ranar da yarinyar ta daina haɗiye ko ruwa, Haoua ba ta nemi izinin kowa ba, ta kira matar Malam Munzali.

Malam Munzali Bakano ne, yana karatun digiri na uku a fannin hadisi, yana zaune a unguwar Malaz, kuma Hausawan garin sun san shi da ruƙiyya. Ya iso ana saura kaɗan rana ta faɗi. Bai yi dogon tambaya ba. Ya sa aka jawo bindigar daga ƙarƙashin gado, ya leƙa bakin hagun, ya tambayi inda aka wanke ta. Da aka gaya masa, ya yi wa Saidou kallo ɗaya, ya kau da kai. Aka lulluɓe Rahina, uwar ta riƙe kanta, Malam ya zauna daga gefe ya fara karatu a hankali.

Dalma ta fara zuba. Karatun ya yi nisa, ɗakin ya yi nauyi, kukan kurciyar ya tsaya cak. Sai Rahina ta tashi zaune. Yarinyar da aka haifa a Riyad, wadda ba ta iya haɗa zance uku da Hausa sai ta tsoma Larabci, ta buɗe baki da muryar tsohuwa, da Hausar Damagaram tsantsa.

"Da harshen uwar maigidan nan zan yi, don kada ya ce bai ji ba."

Malam ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta jikin baiwar Allah. Ta ce ita mazauniyar bakin hagu ce. Tsohon mai bindigar ya san da su, shi ya toshe musu ƙofa da hannunsa, suka zauna lafiya shekaru masu yawa, shi da nasa bakin, su da nasu. Sai ga wannan ya ɓalle ƙofar, ya sheƙa wa jikanta ruwan zafi yana barci, ba sallama, ba sunan Allah. Malam ya ce mutumin bai san da su ba, kuma ko ya sani, yarinyar me ta yi? Ya ja mata ayoyi a kan zalunci, ya ce ta ji tsoron ranar da za a tsayar da mutum da aljan. Ta yi gurnani, ta yi kuka, ta ce karatun na ƙona ta. A ƙarshe ta sauko. Ta ce za ta fita, amma a mai da mata gidanta: a toshe bakunan biyu duka, a kai bindigar jeji a binne a gindin ƙaya, kada a sake harba ta har abada, domin ta daina yarda da ɗan Adam a maƙwabtaka.

Malam ya buɗe baki zai karɓa, sai aka ji gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam," in ji Saidou, "a tambaye ta mana. Ai na hagun ne nasu. In aka toshe shi yadda yake da, ni in riƙe na daman, kamar yadda suka yi da tsohon?"

Haoua ta ɗago ta dubi mijinta, hawaye na bin fuskarta. Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya a maƙogwaron yarinyar. Ta ɗaga hannun Rahina mai ƙuna a hankali, ta juya shi a gaban uban.

"Na yarda, ɗan maharba. Ita ma hannu biyu gare ta. Ka riƙe na daman."

Yatsun hannun suka fara lanƙwashewa suna ƙanƙancewa, kowa yana gani. Saidou ya zube a kan gwiwoyinsa. Ya rarumi tsumma, ya yage gefen rigarsa da ya ga bai isa ba, yana cusawa a bakin dama yana bisimilla da ƙarfi, yana cewa ta ɗauka, ta ɗauka duka. Malam ya karɓi alkawari daga gare ta, ya umarce ta da ta fita ta inda ta shiga. Rahina ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta, warin albarushin ya washe.

Washegari Saidou da Malam suka binne bindigar a gindin wata ƙaya, nesa da hanya. Dattijon ya dawo daga tafiya, aka ce masa cinikin bai yiwu ba. Da kurciyoyi suka shigo, Saidou ya koma kan gahawa da buhunsa, kuma bai sake tashi daga kan abinci don an ambaci farauta ba.

Hannun Rahina ya warke, sai tabo, da ƙaramin yatsa da ya ƙi miƙewa. Ta koma makaranta, tana hira da uwarta kamar da, amma in uban ya shigo sai ta gaishe shi ta shige ɗaki. Ya sayo mata waya sabuwa, ta yi godiya ta ajiye. Wata la'asar ta kawo masa shayi, ya riƙo hannun nan na hagu, ya tambaye ta ko tana tuna wani abu daga ranar, yana fatan ta ce a'a. Ta amsa da Hausarta mai tuntuɓe, don ya ji da kyau.

"Ina ciki ai, Baba, ina jin kome. Ina ta kiranka, kai kana ciniki."

Ta zare hannunta a hankali, ta ɗauki faranti ta koma kicin. Saidou ya zauna da kofin a gabansa har aka kira magariba, bai kai shi baki ba.