Mun Sa Shi a Addu'a

"Saura roƙon addu'a ɗaya, iyayena," in ji Sakatariya, ta wani sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. "Ba zan kama suna ba..."

Duk wanda ya san sakatariyar matasan cocinmu ya san in ta ce ba za ta kama suna ba, to ta riga ta kama mutum gaba ɗaya.

"Wata 'yar'uwarmu ce a cikin mawaƙa, an kusa shelar aurenta. Amma safe da yamma ana ganinta tana shiga ɗakin wani gwauro, har a tura ƙofa... Mu roƙa mata Ubangiji ya buɗe mata ido."

"Wayyo Yesu!" in ji wata tsohuwa.

A cikin mawaƙa ni kaɗai ce ke shirin aure. Idanun zumuntar mata kaf suka juyo kaina, har da na Mama Shugaba, uwar zumuntar, wadda kuma ita ce ta haifi saurayina.

Na miƙe tsaye.

"Allura nake yi masa!"

"Zauna," in ji Mama Shugaba. "Addu'a ake yi."

Haka aka rufe ido aka yi mini addu'a, ina tsaye, hawaye na zuba a kan rigar mawaƙa da na goge da safe.

Gwauron da ake magana Mai Walda ne, maƙwabcinmu, ɗakinsa yana jikin wanda nake zaune da Goggo. Ciwon sukari ya ci ƙarfinsa, hasken walda kuma ya cinye masa ido, har ba ya iya ganin layin da ke jikin sirinji. Matarsa ta daɗe da tafiya. Ba ya zuwa coci, ba ya zuwa ko'ina. Ni kuwa a kantin magani nake aiki, shi ya sa unguwa ke tsokanata da Nas. Goggo in ta ga allura sai ta nemi ƙofa, don haka aikin ya faɗo kaina. In na shiga yakan ce, "Ga muguwa ta zo," ya miƙo hannu yana dariya.

Ƙofar da ake cewa ana turawa, shi yake roƙona in tura. Ba ya son yaran gidan haya su ga ƙato yana runtse ido saboda allura.

Da aka tashi na sami saurayin nawa, Injiniya, a bayan coci yana warware wayoyin lasifika. Shi ne mai kula da na'urorin coci, kuma shi ne mutumin da nake so har cikin ƙashina. Sakatariya ma tana sonsa, ta daɗe tana kai masa ruwan sanyi ba tare da ya ce yana jin ƙishi ba.

"Zumata..." ya ce a hankali. "Na ji abin da ya faru."

"Ka yarda da ita?"

"Haba! Ni da na taɓa raka ki ɗakin?"

"To me ya sa ba ka kallona?"

Ya ajiye wayar ya kama hannuna.

"Mama ta ce ba za a yi shelar aurenmu ba sai kin zauna taron nan daga farko har ƙarshe. Ki kwana a coci da sauran mata, kada ki leƙa gida. Ta ce ta san allura ce, amma bakin mutane fa? Ki bar maganar ta mutu, Zumata."

Taron da yake nufi shi ne babban taronmu na shekara, daga Alhamis zuwa Lahadi. Kowa, har da Goggo, yakan kwaso tabarmarsa ya tare a coci, a yi waƙa, a yi wa'azi, a ci abinci a tukunya ɗaya. Tun ina ƙarama babu abin da nake ɗoki kamarsa. A nan na ga mutanen da suka shekara ba sa gaisawa sun rungumi juna suna kuka. A nan kuma na fara haɗa ido da Injiniya, yana gyara mini makirufo.

"Allurarsa fa? Wa zai yi masa?"

"Akwai malamin asibiti a cikin dattawa. Ni da kaina zan gaya masa."

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi, Zumata. Kwana nawa ne? Ki daure saboda ni... saboda mu."

Na so auren nan, ba zan ɓoye ba. Na so shi fiye da yadda ya kamata, don haka na ce to.

Ranar Alhamis da safe na yi wa Mai Walda allura, na jera masa magunguna, na gaya masa wani dattijo zai riƙa zuwa.

"Au, kin sallame ni ke nan, muguwa?" ya ce. "Je ki, ki yi musu waƙa. In an raba abinci ki ɓoyo mini nama."

A ƙofar coci an rataya wani ƙaton ƙyalle da aka rubuta jigon taron bana: ƘAUNAR MAƘWABCI. Sakatariya ce ta zaɓi launin.

Taro ya yi kyau, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Mun yi waƙa har muryoyi suka dushe. Mama Shugaba ta zuba mini abinci da hannunta a gaban mutane, ta kira ni "'yata". Sai dai zuciyata ba ta zauna ba. Ranar Juma'a na kira wayar Mai Walda, na ji ta a kashe. Na ruga wurin Injiniya, na same shi a kan janareta, baƙin mai har gwiwar hannu.

"An je kuwa?"

"An je, Zumata, an je," ya ce ko ɗagowa bai yi ba. "Miƙo mini sifana."

Ranar Asabar na sake tambaya.

"Na ce miki an je! Wayarsa ce babu caji. Kina so Mama ta ga kina zarya?"

Na koma na zauna kamar yarinyar kirki.

Ranar Lahadi baƙon fasto ya hau mumbari, wani ɗan tsoho mai ƙaramar murya. Ya ba da labarin mutumin nan da aka bari kwance a bakin hanya, masu ibada suna ratse shi suna sauri. Sai ya rufe littafinsa ya dube mu.

"Kun yi kwanaki kuna waƙar maƙwabci," ya ce. "Yau ba zan yi addu'ar rufewa ba sai kowa ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ya dawo. Ba na coci ba, na jikin bangonka. Ku tashi!"

Mutane suka fara fita bibbiyu suna dariya. Ni kuwa na hango malamin asibiti a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, na gode da ɗawainiya. Yaya jikin nasa?"

"Jikin wa, 'yata?"

Na miƙe na ruga wurin na'urori.

Ban san lokacin da na cafki rigar Injiniya ba.

"Ka ce an je!"

"Na... na gaya wa Sakatariya ta gaya masa. Janareta ya lalace, Zumata, ban sami..."

Sakatariya tana tsaye a gefe da jakarta. Ta buɗe ido kamar marar laifi.

"Ai na kai maganar zumunta," ta ce. "Mun sa shi a addu'a. Sau biyu ma."

Na cire takalmana na zuba da gudu.

Ƙofarsa a kulle take ta ciki. Na buga, na kira, na buga. Shiru. Ina cikin ihu sai na ji mutane a bayana, ashe rabin coci sun biyo ni, har da baƙon faston yana haki. Samari suka sa kafaɗa, ƙofa ta ɓalle.

Yana kwance a ƙasa tsakanin gado da tebur, leɓunansa sun bushe, numfashinsa yana fita da ƙyar. Sirinji yana kusa da hannunsa, allurar ta lanƙwashe. Kwalbar maganin ta fashe a ƙasa. Ya gwada yi da kansa.

"Ni ce..." na ce ina ɗago kansa. "Muguwa ce ta dawo. Ka buɗe ido!"

Bai buɗe ba.

Abin da ikilisiya ta yi daga nan, zan faɗe shi don gaskiya ne. Wani ya kawo mota. Dattawa suka ɗauke shi a hannu kamar ɗansu. Mata suka share ɗakin, suka wanke kayansa. A asibiti aka riƙa karɓa-karɓa a bakin gadonsa, mutumin da bai taɓa taka cocinmu ba. Ba don wannan ɗan tsohon ya kore mu waje ba, da sai wari ya sanar da mu.

Sau ɗaya ya farfaɗo. Ya lalubi hannuna, ya ce da wata murya kamar ta yaro, "Ina namana?"

Na yi dariya ina kuka.

Washegari ya cika, dattawa biyu suna riƙe da hannuwansa.

Bayan an binne shi Injiniya ya zo ɗakinmu. Goggo ta ba shi kujera ta fita. Ya rame, idanunsa sun yi ja.

"Zumata, ki yafe mini."

"Na yafe."

"Mantuwa ce. Aiki ya yi mini yawa."

"Mantuwa ba ta dame ni ba. Sau biyu na tambaye ka. Da ka ce ba ka sani ba, da na zo da ƙafata."

"Shi ya sa ban faɗa ba..." ya ce, sai ya kama bakinsa.

Na dube shi. Ya sunkuyar da kai.

"Da kin fita, da Mama ta fasa auren. Ina sonki, Zumata! Tsoron rasa ki ne ya sa."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Yana sona. Ni ma don son nasa na zauna ina tafi da waƙa, mutum yana rarrafe a bayan bangon ɗakina.

Mama Shugaba ma ta zo da kanta, da kwanon abinci a lulluɓe.

"'Yata, abin da ya faru nufin Ubangiji ne. Kin yi biyayya, kowa ya gani. Ranar Lahadi za a yi shela."

Na ce, "Na gode, Mama." Ban buɗe kwanon ba.

Na nemi Injiniya in gaya masa kada a yi, ya ƙi tsayawa mu yi magana. Ya san abin da zan faɗa. Yana ganin in aka yi shela a gaban jama'a, kunya za ta riƙe ni kamar yadda ta riƙe ni a taro.

Ranar Lahadi coci ya cika. Ba a cire ƙyallen nan daga ƙofa ba, ruwa ya dake shi har rubutun ya fara zuba. Ina zaune a layin mawaƙa, Injiniya yana can wurin na'urorinsa cikin sabuwar riga. Fasto ya gyara tabarau ya karanta shelar aurenmu, mata suka fara guɗa.

Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Kamar yadda muka saba, in akwai wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa waɗannan biyu, ya miƙe ya faɗa."

Kowa ya saci kallon Sakatariya. Tana zaune, kanta a ƙasa, tun ranar jana'iza ba ta ƙara kawo roƙon addu'a ba.

Ni ce na miƙe.

"'Yata, ba ke ake tambaya ba," in ji Fasto a hankali.

"Na sani, Baba. Amma ni ce na san dalilin."

"Zumata..." Muryar Injiniya ta fito ta lasifika, ya manta makirufo a buɗe yake. "Don Allah... kada ki yi mini haka."

Har yanzu in na tuna muryar nan sai ƙirjina ya yi zafi. Na zare zoben baikonmu, na taka har inda yake, na ajiye masa a kan na'urar.

"Ina sonka," na ce. "Amma duk ranar da ka ce mini 'an je', ba zan yarda ba. Ba zan iya zaman aure haka ba."

Mama Shugaba ta tare ni a tsakiyar coci, ta riƙe mini hannu, hawaye a fuskarta.

"Ki dube shi, 'yata! Ki dubi halin da yake ciki. Yaya kike so ya yi?"

Na juya na dube shi. Ya kifa kansa a kan teburin, kafaɗunsa suna rawa. Na zare hannuna a hankali.

"Ku sa shi a addu'a, Mama."

Na fita ta ƙarƙashin ƙyallen, na kama hanyar gida. Akwai wata tsohuwa a ƙarshen layinmu da gyambon ƙafarta ke son wanki, tun safe take jirana.