Ni Ce Ke Fara Karantawa

Littafin yana hannun Taiba!

Daga bakin ƙofa na hango shi, sabo fil. Taiba ɗiyar kawuna ce, daga Bakura ta zo mana hutu. Tana kwance bisa tabarmata tana juya shafi kamar ba ta gan ni ba.

"Ina kinka samu wanga littahi?"

"Sulaiman ya ba ni," ta ce tana murmushi. "Ya ce ni ya dace in hwara karanta shi..."

Na juya na bar mata ɗakin.

Sulaiman na da teburin littattafai kusa da tashar Mafara. Duk lokacin da sababbi suka iso daga Gusau, shi ke zaɓar mini na gaba, kuma ba ya bari kowa ya taɓa sai na gama. In na mayar, mu yi ta gardama a kan mutanen da ke ciki har a kira la'asar. A nan soyayyarmu ta fara. Saboda shi nake shan faɗan Baba, wanda ya ce mai tallar labaran soyayya ba mijin aure ba ne. Shi Malam Yakubu yake so mini, malamin sakandaren da ke maƙwabtaka da mu.

Sulaiman ya kira, ya sake kira, na ƙi ɗagawa.

Washegari na aro wani ƙaton littafin tarihi wurin Malam Yakubu, na rungume shi, na bi ta gaban teburin a hankali.

"Lailatu!" Sulaiman ya taso da sauri. "Kin samu sauƙi? Wancan kuma na wa ne?"

"Na Malam Yakubu. Shi ya zaɓa mini."

Nan take fuskarsa ta canza.

"Shi ka zaɓa miki yanzu?"

"Kai ma ai ka samu wadda kake zaɓa wa!"

"Wa?"

"Taiba!"

Ya girgiza kai.

"Taiba cewa ta yi zazzaɓi ya kwantar da ke, ke kinka aiko ta. Har na bar tebur na nemo miki lemu na haɗa mata da shi."

Lemu... Wanda na ga tana sha, har ta miƙo mini ɓari guda!

"Masoyi, wallahi ban sani ba..."

"Da kin tambaye ni. Amma kinka zo kina nuna mini littahin wani namiji gaban mutane." Ya koma bayan teburinsa. "Tahi ki karanta, Allah shi ba da albarka."

Da na dawo washegari da safe, teburin a rufe yake. Aka ce ya tafi gidansu Maradun.

A gaban Inna na tsare Taiba. Ta yi ta rantsuwa, daga baya ta fashe da kuka.

"Ni ma ina son shi! Ke kaɗai ce mace?"

Inna ta haɗa mata kayanta ta raka ta motar Bakura.

Ni kuwa na mayar wa Malam Yakubu littafinsa, ko shafi guda ban buɗe ba. Na daina cin abincin kirki, na rame. Kullum ina tunanin wace ce a Maradun ke zaune kusa da shi tana tambayarsa me za ta karanta.

Inna ce ta shiga wurin Baba. Ban san me ta faɗa masa ba, na dai ji ya ce, "In da gaske yake, shi turo magabatanai."

Na tura wa Sulaiman saƙon. Bai amsa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji sallamar baƙin maza a zaure. Na leƙa ta jikin ƙyaure. Dattawa ne da ƙwaryar goro, Sulaiman kuma yana tsaye can waje, ya rame kamar ni.

Na lallaɓa ta ƙofar baya.

"Ka huce?"

"Ban huce ba." Ya kau da kai, amma murmushi ya ƙwace masa. "Littahin nan nai... ya yi daɗi?"

"Ban buɗe ba."

"Ki rantse!"

"Wallahi. Kai hwa, wa ka zaɓa wa a Maradun?"

"Kakata. Ita ma sai da na karanta mata."

Na yi dariya har hawaye suka zubo mini. Daga zaure muka ji Baba ya ce a yi fatiha.