Ɗakin da Na Raɗa wa Suna Kalmalo

Ranar wata Lahadi ce a bazarar 1987, dab da magariba, na hau babur na koma ofis don in ƙarasa wani ɗan aiki. Na ce wa matata Ummu ta ajiye min tuwo, minti ashirin ya ishe ni.

A lokacin ina aiki da wani shirin noma a Illela, mai auna ruwan tafkin Kalmalo, wanda fari ya kusan ƙafar da shi. Ni kaɗai na iya kwamfuta a ofishin, kuma kaina ya fi hulata girma. An kawo mana sabuwar na'ura daga Sakkwato, amma manhajar awon ruwan don tsohuwar aka rubuta ta, sabuwar ba ta jin yarenta. Dabarar ita ce a yanki wani sashe na ƙwaƙwalwar sabuwar, a sa shi ya riƙa kwaikwayon tsohuwar. Kamar dai mutum ya ja ɗan ɗaki a cikin gidansa don baƙo. Ranar Alhamis na gina ɗakin. Na'urar ta nemi suna, na buga KALMALO. Ban zuba komai a ciki ba, na tashi na tafi gida.

Maigadinmu, Baba Maccido, tsohon masunci ne da ya bar su tun da tafkin ya janye. Na same shi yana alwala a bakin ƙofa. Don in burge shi, na ba shi labarin ɗakin.

Ya dakata da buta a hannu.

"Malam Junaidu, wa kas sa cikin ɗakin ga?"

"Ba kowa, Baba. Yau zan zuba kaya."

"Kwana ukku ba kowa? Ka yi bisimilla da kag gina shi? An yi karatu ciki?"

Na yi dariya, na ce ai ba ɗakin laka ba ne. Bai yi dariya ba. A garinmu ba a barin sabon ɗaki ya kwana fanko ba addu'a, kuma na san haka tun ina yaro. Ban dai ɗauka dokar ta shafi kayan Turawa ba.

Na ta da janareto, na shiga. Ofishin zafi kamar tanda. Na kunna na'urar, koren rubutu ya fito a baƙin allo. Na buɗe ɗakin, na tura manhajar.

Allon ya ce wuri bai isa ba.

Na yi tsaki. Kashi ɗaya cikin goma na ƙwaƙwalwar na ba ɗakin, kuma rabinsa ma ya ishi manhajar. Na duba cikinsa. Babu suna ko ɗaya a jerin abubuwan da ke ciki, amma lissafin na'urar ya nuna a cike yake taf. Na ɗauka kuskuren saiti ne. Na yi abin da kowane ma'aikaci zai yi, na ninka girman ɗakin.

Ya cika kafin in ɗage yatsa.

Na sake ninkawa. A lokacin ne na ji warin. Warin taɓo ne, da ruɓaɓɓen ganye, da ƙarnin tarwaɗa. Wata bakwai rabonmu da ruwan sama. Na leƙa ƙarƙashin tebur, ban ga komai ba. Daga masallacin tasha aka fara kiran salla. Na ce bari in gwada sau ɗaya tak.

Na ba ɗakin duk abin da ya rage.

Fankar na'urar ta sauya murya. Ta daina huci, ta koma ɓul, ɓul, ɓul, kamar tulun da aka danna a cikin kogi. Gumi ya keto a gilashin allon, daga ciki. Ɗigo ɗaya ya gangaro, ya ratsa rubutun.

Wuri bai isa ba.

Ban taɓa komai ba, rubutun ya sake fitowa. Ya sake. Ya cika allon daga sama har ƙasa.

Na kai hannun dama ga madannai don in rufe ɗakin. Madannan a jiƙe suke, da sanyi. Na danna. Yatsuna biyu suka ƙi ɗagowa.

Na ja. Suka ƙi.

Sanyin ya shiga ta ƙarƙashin farce. A hankali yake hawa, gaɓa bayan gaɓa. Na ji shi a tafin hannu, na ji shi a wuyan hannu. Ba sanyi kaɗai ba ne, motsi ne. Abubuwa ne da yawa suna turereniya a cikin jijiyata, manya da ƙanana, irin turereniyar mutane a ƙofar mota ranar kasuwa.

Sai na gane. Na'urar ta cika. Ni ne ɗaki na gaba.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na buɗe baki in yi ihu, ruwa mai ɗanɗanon laka ya taru a maƙogwarona. Na miƙa hagu ina lalubar wayar wuta.

"Kak ka kashe."

Raɗa ce, a bayana. Baba Maccido ne a bakin ƙofa, rungume da randar da muke shan ruwa.

"In kak kashe, ba su da wurin komawa sai kai."

Sanyin ya wuce gwiwar hannu.

"Baba," na ce da ƙyar, "su wa ne?"

"Mutanen tabki. Gidansu ya ƙahe, sunka ji an gina wani da sunan nasu. Yi shiru."

Ya dire randar kusa da tebur. Ruwan ya ɗan fantsala. Ya durƙusa kamar mai gaida manya, ya yi sallama, ya yi bisimilla.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri. Yaro na, bai sani ba. Ga ruwa nan, ku sabka. In Allah ya so, ni ka maishe ku gida."

Ruwan randar bai motsa ba.

Sanyin ya kai kafaɗa. Ya taɓa gefen wuyana.

Ya tsaya.

Ruwan randar ya motsa. Da idona na ga yana hawa, ba wanda ya ƙara ko ɗigo. Ya yi baƙi, ya kai baki, ya tsaya yana kaɗawa. Sanyin ya fara sauka daga kafaɗata, ya bi hanyar da ya zo. Yatsuna suka saki, na faɗi da kujera.

Mu biyu muka kasa ɗaga randar da Baba ya shigo da ita shi kaɗai. Sai da muka samo amalanken jakin Halliru mai itace. Jakin ya yi ta tirjiya har Kalmalo. A can Baba ya shiga taɓo har gwiwa, ya tuntsurar da ita a ɗan ruwan da ya saura. Ni ina tudu ina karanta duk abin da na haddace.

Washegari na goge ɗakin. Na gina wani da bisimilla, na sa masa lamba maimakon suna, na zuba manhajar nan take. Ta yi aiki lafiya lau a ɗan wurin da na fara ba ta. Tuwon Ummu kuwa, kaji suka ci.

Amma ba duka suka sauka a randar ba. Baba ya duba yatsuna biyu, ya ce wataƙila ƙanana ne, da ba su ji kira ba. Da damina, idan tafki ya kawo, yatsun kan yi ɗumi, in manta da su. Da ruwa ya fara janyewa sai ƙananan su dawo, yatsun su yi sanyi, fatar ta yamutse kamar ta wanda ya wuni yana wanki. Kowace shekara kuma sanyin kan ɗan ƙara hawa.

Bana an ce tafkin ya ƙafe da wuri. Da hagu na rubuta wannan.