Kwalba Biyu, Ba Sukari

Batulu ta bar kular sobolonta a ƙofar gida, ta tsallaka titi ba ta ko duba mota ba, ta tsaya a gaban teburin Safia.

Safia tana matse lemu a injinta. Ba ta ɗago kai ba.

"Ya tafi," ta ce. "Kin makara kaɗan."

"Wa na ce miki ina nema?"

"Fuskarki ce ta faɗa."

Safia sabuwa ce a layin. Bayan ƙaramar sallah ta kafa teburinta kusa da masallaci, da inji mai gilashi da kwalabe masu farin murfi. Batulu kuwa ta daɗe tana sayar da sobolo, wato zoɓo, da ruwan lemu mai citta da sukari, duk Zango an san hannunta. Ba cinikin da ya ragu ne ya tsallako da ita ba. Muhaimin ne, saurayinta, wanda yake aiki a wani kemis a unguwar Oforikrom. Kowace safiya sai ya wuce kularta a kan babur, ya ɗaga mata hannu, ya je ya tsaya wurin Safia.

"Kwalba biyu, kullum," Safia ta ce tana goge hannu a atamfarta. "Ba sukari, ba ƙanƙara, kuma kada in tace. Ya ce hannuna ya iya."

"Ta biyun ta wace ce?"

"Ke da kike budurwarsa ba ki sani ba, sai ni?" Ta yi murmushi. "Ni dai na san ba gidanku yake nufa da ita ba."

Batulu ta dubi injin, ta dubi lallen da ke yatsun Safia, ta juya.

Mahaifiyarta, Mma Habsa, tana zaure ta ga komai.

"To, ga wanda kike ja da ubanki a kansa," ta ce. "Ko lemunki bai iya sha."

Maganar ta sami wuri a zuciyar Batulu. Mahaifinta, Alhaji Zulkiflu, mai gidan fatake ne a kara, kasuwar shanu. Masu shanu daga Mali da Burkina a wurinsa suke sauka, shi yake tsaya musu, shi yake sayar musu. Da iyayen Muhaimin suka aiko neman izini, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai ƙirga ƙwayoyi ba, wanda duk danginsa babu wanda ya taɓa riƙe igiyar saniya. Batulu ta yi kuka, ta ƙi abinci, ta kai ƙara wurin gwaggonninta. Shi kuma Alhaji, a 'yan kwanakin nan, ya daina shan sobolon da take ajiye masa, har shayinsa na safe mai madara da sukari yake bari ya huce a kofi. Ta ɗauka horo yake yi mata.

Duk wannan ta sha saboda Muhaimin. Shi kuma yana can yana yabon hannun wata.

Bayan la'asar ya zo, ya kafe babur nesa da ƙofa kamar yadda ya saba.

"Batu tawa..."

"Kada ka kira ni haka."

Ya cire hular kwano, ya dube ta da kyau.

"Me ya faru?"

"Me lemuna ya yi maka?"

Ya yi 'yar dariya, abin da ya fi ɓata mata rai.

"Naki ya fi daɗi, wallahi. Amma sukarin ya yi yawa, kuma kina tace shi tas. Kin san farin nan na cikin ɓawo, da dusar da kike zubarwa? Akwai wani sinadari a ciki, hesferidin, masu bincike sun ce yana taimaka wa jijiyoyin jini su saki. Ba magani ba ne, amma ga wanda..."

Sai ya kau da kai.

"Ga wanda me?"

"Ga kowa ma."

"Lacca na tambaye ka? Kwalba biyu kake saya. Ɗaya taka. Wa ke shan ɗayar?"

"Amana ce, Batulu."

"Amanar tana da suna?"

"Tana da shi."

"Tana sa jan baki?"

"Don Allah ki yarda da ni. Ba abin da kike zato ba ne."

"Ka ce wa Safia hannunta ya iya?"

Ya sosa ƙeya. Wannan ya ishe ta amsa.

"Ka ji ni da kyau," ta ce, muryarta ba ta tashi ba. "Na ɓata da Baba saboda kai. Idan ba za ka faɗa mini suna ba, kada in ƙara ganin babur ɗinka a layin nan."

Ya tsaya yana jujjuya hular a hannu. Ta ba shi lokaci, fiye da yadda ta yi niyya.

"Ba zan iya ba," ya ce.

Ya hau babur ya tafi a hankali, kamar yana jiran ta kira shi. Ba ta kira ba.

Washegari ba ta fito da kula ba. Ta yafa babban mayafin Mma, ta zauna a cikin pragya, keken nan mai ƙafa uku, a bayan masallaci. Daga nan ta ga Muhaimin ya iso, idanunsa sun faɗa. Ta ga Safia ta ɗaure masa leda, ta kuma ga yadda yatsun nan masu lalle suka daɗe a kan nasa kafin su saki.

"Bi babur ɗin can," ta ce wa direba.

Ba hanyar Oforikrom ya ɗauka ba. Ya ratsa cunkoson motocin haya na trotro, ya gangara kudu, har warin kashin shanu ya fara shigowa cikin keken. Kara.

Da farko ta yi mamaki. Amma kishi ba ya rasa bayani. Akwai 'yan mata masu fura da nono a kara, farare, masu dogon wuya, ta sha ganinsu idan ta kawo wa Baba abinci. Wato ɗaya daga cikinsu ce mai jijiyoyin jinin da ake so su saki.

Muhaimin ya kafe babur, ya rataya wata baƙar jaka, ya duba hagu da dama. Sannan ya zagaya bayan rumfar Alhaji Zulkiflu, ya shige kontenar da Alhaji yake ajiye igiyoyi yana kuma hutawa a ciki, ya turo ƙofa.

A ɗakin ubanta.

Fatake suna zaune a kan tabarmi a gaban rumfar suna shan shayi. Ta wuce su ba ko sallama, ta daki ƙofar ƙarfen da tafin hannu.

"Muhaimin, ka buɗe. Na gan ka. Ka buɗe in ga fuskarta!"

Ƙofar ba a kulle take ba. Ta buɗe da kanta.

Babu mace a ciki.

Mahaifinta ne zaune a kan benci, an naɗe hannun babbar rigarsa har kafaɗa. An ɗaura masa abin awon jini a damtse, injin yana ƙugi a hankali. A tafinsa akwai 'yar farar ƙwaya. Kwalabe biyu suna ƙasa, an buɗe duka.

Ba ta taɓa ganin tsoro a idon Alhaji Zulkiflu ba sai ranar. Kuma ba ita yake kallo ba. Bayanta yake kallo.

Ta ji takun takalma. Ihunta ya taso fatake daga tabarmi, kuma a cikinsu ta ji muryar Alhaji Yusif, dillalin rumfar gaba, wanda ya daɗe yana zawarcin baƙin mahaifinta. Ita 'yar kara ce, ta san dokar wurin. Bafatake ba ya damƙa garkensa ga mutumin da ake cewa ba shi da lafiya. Bara wani mai gida ya kwanta asibiti, kafin a sallamo shi baƙinsa duk sun koma wasu rumfuna.

Shayin da yake hucewa a kofi. Sobolon da aka daina sha. Duk ta gane a tsaye a wurin.

Ta ware hannuwa ta kama gefen ƙofar biyu, babban mayafin Mma ya baje ya rufe ko'ina. Sannan ta ƙara ɗaga murya.

"Gara da na same ka a gaban Baba. Yau za ka faɗa masa wace ce Safia a wurinka. Ni za ka wulaƙanta a Zango? Kullum kana teburinta, kana cewa hannunta ya iya. Nawa hannun kuturta ya yi?"

Muhaimin ya dube ta daƙiƙa ɗaya, ya fahimta. Ya ɓalle abin awon, ya cusa shi a jaka. Alhaji ya watsa ƙwayar a baki, ya kora da lemu, ya saki hannun riga.

A waje an fara dariya. Wani dattijon Bafillace ya ce da Hausarsa mai karkata, "Ashe shari'ar yara ce."

Batulu ta sauke hannuwa. Ba sai ta yi ƙoƙarin kawo hawaye ba, suna nan.

Alhaji ya fito da kwalba a hannu, ya tsaya ƙyam kamar kullum.

"Alhaji, lafiya dai ko?" Alhaji Yusif ya ce, yana leƙen cikin kontenar. "Yaron nan kullum ina ganinsa da jaka. An ce mini mai sayar da magani ne."

Dariyar ta tsaya. Fatake suka juya suna kallon mai gidansu.

Alhaji ya kurɓi lemu. Ya dubi 'yarsa, ya dubi saurayin da ke tsaye a bayanta rungume da jaka.

"Surukina ne," ya ce. "Yana kawo mini gaisuwa da safe kafin ya wuce aiki. Ko an hana?"

"A'a, wa zai hana."

"To, madalla."

Dattijon Bafillacen ya ɗaga hannuwa ya ce Allah ya sanya alheri, sauran suka amsa da amin. Batulu ta san abin da ya faru. Duk sana'ar mahaifinta magana ce. Abin da ya faɗa a gaban fatake ba ya janyuwa.

Da mutane suka watse, su uku suka koma ciki.

"Jiri ne ya ɗebe ni a Oforikrom," Alhaji ya ce, ba ya kallon kowa. "Na shiga kemis ɗin da na ga babu wanda zai san ni. Sai na tarar da wannan. Shi ya kai ni asibiti, aka ce hawan jini ne. Ni na rantsar da shi."

"Me ya sa kwalba biyu, Baba?"

"Ni kaɗai zan zauna ina sha kamar majinyaci?"

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da na yi. Amma Mma za ta ji yau."

"Uwarki ba ta iya riƙe magana."

"Ita take zuba gishiri a miya."

Muhaimin ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Baba. Lemu taimako ne kawai. Maganin da rage gishirin su ne manya."

Alhaji ya yi tsaki, ya kaɗa musu hannu su fita.

A gindin babur, Muhaimin ya miƙa mata ragowar kwalbarsa. Ta kurɓa, ta yatsina fuska. Akwai ɗan ɗaci a ƙarshensa.

"Kin yafe mini, Batu tawa?"

"Ka ce mata hannunta ya iya?"

"Sau ɗaya. Don ta daina tacewa."

"Kuma ta riƙe maka yatsu ɗazu."

"Ledar ce ta maƙale."

"Yoo. Na ji."

"Batulu..."

"Na ce na ji. Daga gobe ni zan matse. Kuma ka canza hanya, akwai wani layin ta bayan makaranta."

"Wancan ai duk ramuka ne."

"Babur ɗinka zai saba."

Mma Habsa ta yi kuka da ta ji, ta yi faɗa, sannan ta ɓoye gwangwanin gishiri. Maganar ba ta taɓa fita daga gidan ba. Kowace safiya Batulu tana matse lemu da dusarsa, ta haɗa da ɗan farin ɓawon, Alhaji ya sha da ƙwayarsa a zaure yana ƙorafin ɗaci.

An sa ranar biki bayan babbar sallah.

Ana saura 'yan kwanaki, Batulu ta tsallaka titi. Wannan karon ta duba mota. Safia ta ɗago kai tun kafin ta iso.

"Amarya da kanta. Na ji labari."

"Shi ya sa na zo. Ke nake so ki yi mana lemun walima."

Safia ta tsaya da rabin lemu a hannu. "Ni?"

"Ke. Ba sukari, ba ƙanƙara, kuma kada ki tace." Batulu ta gyara mayafinta, lallen amarci ya fito baƙi wuluk har wuyan hannu. "Maigidana ya ce hannunki ya iya."